Ƙasa Ta Ƙi Tsayawa

Asabar, 4 ga Sha'aban 1425, bayan la'asar

Da sunan Allah. Jiya muka sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda, ni da Inno da ɗanmu Musbahu, bayan mako guda a Bahar Maliya. Ofishin tafiye-tafiyen da Musbahu ke wa aiki su suka ba shi gurbi a wani babban jirgin masu shaƙatawa da ke zuwa Masar ya dawo, shi kuma ya rantse sai ya kai iyayensa. Na yi ta kawo uzuri da masallaci, har Alhaji Ya'u, ladaninmu, ya ce in tafi, unguwarmu ta Mahjar ba za ta bar salla a mako guda ba. Shi ya riƙe limanci da gajerun surorinsa.

Jirgin ba irin wanda ya ƙetaro da ni daga Bur Sudan ina saurayi ba ne, wanda muka kwana a kansa muna amai a jikin juna. Wannan unguwa ce guda, bene kan bene, da darduma har a matakala. Musbahu ya ce, "Baba, ba za ka ma san kana kan ruwa ba." Ya kusa yin gaskiya. Wurin cin abinci ba a jin komai, wurin hira ba a jin komai. Sai in na tsaya salla a ɗakinmu, na yi shiru, nakan ji wani abu yana ɗaga dugadugaina a hankali ya ajiye, kamar numfashin mai barci. Duk da haka ban yi salla ɗaya a zaune ba, na kuma ji daɗin hakan a raina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, yau da asuba, a mihirabin da na shafe shekara talatin da wani abu ina tsayawa, na sake jin wannan ɗagawar. Gajiyar tafiya ce, in sha Allahu.

Litinin, 6 ga Sha'aban, da hantsi

Ƙasa ba ta tsaya ba. Daga ɗaki zuwa wurin alwala sai da na bi bango. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 7 ga Sha'aban, bayan isha

Ba zan rubuta abin da ya faru a magariba ba. Alhaji Ya'u ne ya shiga gaba ya ƙarasa wa jama'a sallarsu. Allah ya saka wa waɗanda suka kawo ni gida, ya kuma saka wa waɗanda suka kau da kai.

Laraba, 8 ga Sha'aban, da hantsi

Inno ta gasa mini gwiwa da goshi da ruwan zafi. Ta matse tsumman, ta dube ni.

"Malam, tun ranar Asabar nake ganin yadda kake tafiya. Kamar mai ɗauke da tulu a ka."

"Gajiya ce."

"Gajiya ba ta tuntsurar da mutum daga ruku'u. Ni ma na shiga jirgin nan, ga ni garau. Kai ne kullum da yamma kake jingine da ƙarfe kana leƙa ruwa. Na ce maka ruwa da masu shi, ka ce camfi ne."

Ta turara ɗakin da hayaƙi har idona ya yi ja, ta ba ni zamzam da habbatus sauda. Na sha. Shekarunmu tare sun wuce a yi gardama a kan hayaƙi.

Asabar, 11 ga Sha'aban, bayan azahar

Musbahu ya kai ni wani asibiti a Ammariyya. Sai da suka gama juya iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, gaba da baya, sannan aka shigar da ni wurin likita, Dakta Hadi, mutumin Jos, mai ladabi, wanda rabin maganarsa Turanci ne. Ya leƙa kunnuwana, ya auna jini, ya sa ni tafiya ido a rufe. Ya ce kunne lafiya, jini lafiya. Ya ce jikin mutum yakan saba da motsin jirgi ko da mai jikin bai lura ba, in an sauka kuma ya saki cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai akwai waɗanda nasu jikin ke ƙin saki. Na tambaye shi zuwa yaushe. Ya ce makonni, ko watanni. Ya dubi Musbahu ya ƙara wata magana da Turanci, Musbahu bai fassara mini ba.

Abin mamaki, a cikin mota, zuwa da dawowa, ban ji komai ba. Muddin tana tafiya lafiyata ƙalau. Da ta tsaya a ƙofar gida na sa ƙafa ƙasa, sai lungun ya karkace.

Azumi ya ƙarato. Tun da kafilina, wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan, ya ba mu ɗakin ƙasa na gininsa muka mai da shi masallaci, ni nake jan asham, kullum izu biyu a tsaye, mu sauke kafin salla. Ban taɓa fashi ba, ko shekarar da aka yi mini aikin ido.

Litinin, 13 ga Sha'aban, da yamma

Ƙasa ba ta tsaya ba. Ina jin kiran Ya'u daga nan, ina salla a ɗaki.

Laraba, 15 ga Sha'aban, bayan la'asar

Ya'u ya zo da gurasar tamis da waken ful a leda, ya zauna ya cinye rabi. Bazazzagi ne, ni Bakano, ba ya shigo gidan nan ya fita bai tsokane ni ba.

"Bakano dai bai iya hutu ba. An kai ka ka ci daɗi mako guda, ka dawo da jirgin mutane a cikin kanka. Ka mayar musu da kayansu."

Na gaya masa zancen mota. Ya yi dariya har da tari, ya ce to sai a ɗora masallacin a bayan a-kori-kura, a riƙa zagaya Mahjar da mu har a idar. Daga nan ya goge hannu, fuskarsa ta canja.

"Malam Gwadabe, sallolin farilla ina lallaɓawa. Asham fa? Ka san abin da ke kaina bai wuce izu biyu ba, numfashin ma ba ya kai ni. In ba kai ba, sai Salihu."

Salihu direba ne a wani gida a Abhur, haifaffen nan, ya kai shekara arba'in. A gabana ya fara karatu, daga baya ya koma wurin malaman ƙasar nan ya haddace. Karatunsa ba abin da za a ce. Amma sallarsa irin tasu ce, yana kama hannu a ƙirji, wuturinsa ma daban. Dattawanmu kuwa a kan Malikiyya suka tashi, hannu a sake, kuma wannan ɗan ɗakin ne kaɗai wurin da suke salla a garin nan babu mai kallon hannunsu.

"Ni ba zan bi yaron da na goya ba yana koya mini inda zan ajiye hannuna," in ji Ya'u. "Ka dawo. Mihirabin nan matsattse ne. Ka ɗan dafa bango da gwiwar hannu, babbar riga ta rufe. Wa zai sani?"

Na ce ni zan sani.

"Kai dai da taurin kai aka yaye ka."

Ya tafi ya bar mini ledar.

Juma'a, 17 ga Sha'aban, bayan magariba

Musbahu ya shigo da fara'a, ya ce samarin masallaci sun zauna sun samo mafita. Yana magana yana tsalma Larabci kamar yadda suke yi, su 'yan nan.

"Ya Baba, ma fi mushkila. Za mu sa maka kujera a mihirabi. Kai ne liman ratibi, na dindindin, ciwonka kuma ana sa ran warkewa. Salihu ya ce a nan ƙasar malamai sun halatta. Ka ja mu a zaune, mu ma mu zauna a bayanka. Halas."

Na tambaye shi ko Salihun ne da kansa ya kawo wannan. Ya ce shi ne, kuma shi ya fi kowa dagewa.

Ban zaci haka ba. Sannan na ce masa, "Musbahu, kana ɗan shekara nawa lokacin da marigayi Malam Na'ibi ya karye a ƙugu?"

"Ina ƙarami."

"Ya roƙe ni in bar shi ya ja sallar asuba sau ɗaya a zaune, don ya yi ban kwana da jama'a. Na buɗe masa littafi a gaban mutane, na ce a karatun da muka yi a zaure, mai zama ba ya jan mai iya tsayuwa, ko a nafila ba a so. Ya ce gaskiya ne, shi ma haka ya karanta. Duk dattijon da ke sahun gaba yana wurin ran nan. Abin da nake koyarwa ke nan har gobe. Yau don ni ne, sai in ce hukuncin maƙwabta ya fi daɗi?"

"To ba duka addini ɗaya ba ne, ya Baba?"

"Ɗaya ne. Ban ce nasu ɓata ba ne. Na ce ni ba da shi na hukunta wani ba."

Ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Ni na kai ka jirgin nan." Na ce masa Allah ne ya kai ni, shi tikiti kawai ya kawo. Bai yi dariya ba.

Lahadi, 19 ga Sha'aban, da hantsi

Samari na so in zauna in ja su. Tsofaffi na so in dafa bango in ja su. Babu wanda ya ce in sauka. Da wani ya faɗa, da na sami wanda zan yi fushi da shi.

Na gaji.

Talata, 21 ga Sha'aban, bayan azahar

Ƙasa ba ta tsaya ba. Inno ta daina hayaƙi. Ban sani ba ko ta fid da rai ne, ko turaren ne ya ƙare.

Alhamis, 23 ga Sha'aban, bayan isha

Salihu ya zo da motar maigidansa bayan la'asar. Ya ce an aike shi Abhur da kaya, ya ji an ce mota na yi mini daɗi, ko zan raka shi. Na shiga gaba.

Rabona da in ji kaina daidai tun ranar asibiti. Muka bi bakin teku, ga ruwan nan shimfiɗe kamar bai taɓa yi wa kowa komai ba. Salihu Hausarsa tana da ramuka, yana cike su da Larabci. Ya ce in karanta masa wani abu. Na fara, ya kama, muka riƙa karɓa-karɓa har muka wuce manyan gidajen nan masu katanga. Sau ɗaya ya yi tuntuɓe, kafin in buɗe baki ya gyara da kansa.

A dawowa na ce, "Salihu, me ya sa ka kawo zancen kujera?"

"Ammi, Baffa, ni ba na son wurin nan. Wallahi ba na so. Ammi Ya'u in ya gan ni a gaba, yani, zai ɗauki takalminsa. Shi da sauran dattawa. Ni in raba masallacin da na koyi alif a ciki?"

"In kuma na ce ka shiga?"

Ya daɗe yana kallon hanya. "To sai in saki hannu. In yi irin taku. Wata ɗaya ne."

"Kana ganin sakin shi ne daidai?"

"La, ba na gani. Amma don su."

Na ce masa kada ya kuskura. Wanda ya tsaya gaban Ubangiji yana tunanin idon Ya'u, Ya'u ya yi wa salla. Ya ce to me za a yi. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Da muka iso ya zagayo ya buɗe mini ƙofa. Ya miƙo hannu, na ƙi, sai ƙasa ta sa na karɓa.

Asabar, 25 ga Sha'aban, da hantsi

Na rufe ɗaki na gwada kaina. Na tsaya a tsakiya, nesa da kowane bango, na yi kabbara, na ɗauko karatu mai tsawo irin na asham. Da fari lafiya. Can sai dugadugai suka fara, sai tabarmar ta ɗaga ta gefen dama, na ji ina neman ayar da na sani tun ina yaro ina kuma neman ƙasa, ban san wadda zan fara kamawa ba.

Inno ta ji ƙarar ta buga ƙofa. Na ce buta ce ta faɗi. Ta ce, "To Allah ya ba butar lafiya."

Litinin, 27 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na aika aka kira Ya'u, na gaya masa abin da na yanke. Yau babu tsokana.

"Shekara nawa ina kiran salla kana ja? Matata a bayanka aka sallace ta. Yanzu rana ɗaya ka miƙa mu ga 'yan kama hannu. Bana asham ne, baɗi su ce ƙunutin asuba bidi'a ne, wata shekara su ce mu ma bidi'a ne."

"Salihu ba zai ce ba."

"Salihu ba zai ce ba, na bayansa za su ce. Mu takwas ne ko tara muka rage. A falona ma za mu iya ashammu, ko da ƙananan surori ne."

Na ce masa masallacin zai zama na samari zalla ke nan, kuma da ƙafarsa ya bar musu.

"Kai ka fara bari," in ji shi.

Wannan ta shige ni. Bai sha shayin da Inno ta kawo ba. Ta tsaya da tiren a hannu tana kallon ƙofar, sannan ta ce mini tun da take ba ta taɓa ganin Ya'u ya bar abin sha a baya ba.

Laraba, 29 ga Sha'aban, bayan isha

Ba a ga wata ba, Sha'aban zai cika. An ƙara mini yini guda, ban san abin da zan yi da shi ba. Inno da maƙwabta suna ta naɗe sambusa. Musbahu ya sayo kujerar nan duk da haka, ya jingine ta a zaure.

Alhamis, 30 ga Sha'aban, bayan azahar

Na sa an wanke farar rigata. Ƙasa ba ta tsaya ba.

Juma'a, 1 ga Ramadan, da hantsi

Zan rubuta yadda aka yi, ko da hannuna ya gaji.

Musbahu ya riƙe ni muka shiga masallaci kafin isha. Rabona da shi tun ranar Talatar nan. Ya cika har waje, kamar kowace shekara. Da aka gan ni da farar riga sai aka dare, aka buɗe mini hanya har mihirabi. Kujerar Musbahu ta riga ni zuwa, tana gefe. Ya'u ya yi kira, ya ja isha, ni na yi tawa a ƙarshen sahu ina dafe da bango. Da aka sallame ya matsa ya bar wurin, kowa ya juyo yana kallona.

Na tashi na je gaba. Na tsaya a bakin mihirabin, ban shiga ba. Na ce, "Jama'a, kun san halin da nake ciki. Kun kuma san abin da na karantar da ku. Salihu, bismillah."

Bai motsa ba. Sai da na kama hannun rigarsa na ja, har na kusa tafiya da mu duka biyu. Ya shiga kansa a ƙasa.

Sai na ga Ya'u ya sunkuya ya ɗauki takalminsa. Na ga Alhazan nan na sahun gaba suna duban juna, biyu sun riga sun miƙe. Na shirya maganganu da yawa saboda wannan lokacin, da dalilai, da sunayen malamai. Ba wadda ta zo. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ya'u, zo ka tsaya a damana. In ka tafi faɗuwa zan yi."

Ya tsaya da takalmi a hannu.

"Ga ɗanka nan," ya ce.

"Ɗana yana hagu. Dama nake nema."

Ya dubi ƙofa, ya dube ni. Ya furta wata magana a kan Kanawa wadda ba ta dace da masallaci ba, ya ajiye takalmin, ya zo. Waɗanda suka miƙe suka ɗan yi tsaye, sannan ɗaya ya gyara hularsa ya koma wurinsa, ɗayan ya bi shi. Mutum biyu sun fita. Na san su, zan je gidajensu in Allah ya ba ni iko.

Ban san yadda sahun masallacinmu yake ba sai jiya. Ni kullum a gaba nake ni kaɗai, iska ta ko'ina. Ashe a baya matsi ake yi, kafaɗa na danne kafaɗa, samarin nan har ƙafa suke haɗawa. Salihu ya yi kabbara, ya kama hannunsa a ƙirji. Ni da Ya'u muka saki namu. Da karatu ya yi nisa ƙasa ta fara abin da ta saba. Ta kai ni hagu, na tarar da Musbahu. Ta kai ni dama, na tarar da Ya'u, ƙashi zalla, ya kafe kamar turke. Ta yi ta yi. Mai bin salla in ya kasa tsayuwa da kansa ya jingina, sallarsa ta yi, wannan ma na karantar da shi. Ban zauna ba har wuturi.

Sau ɗaya Salihu ya tsaya cak a tsakiyar aya, muryarsa ta ɗauke. Na tuna masa ayar daga baya, ya ci gaba.

Da aka watse ya zo zai sumbaci kaina, na ce ya je ya sha ruwa, gobe ma izu biyu ne. Muka fito lungu tare da Ya'u. Yana tafe yana murza kafaɗa, ni ina riƙe da Musbahu.

"Karatun ba laifi," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Wuturin ne dai ban gane kansa ba."

Na ce za a saba.

"Ban ce zan saba ba. Kuma kai, mutum kamar kara, ashe nauyin jaki gare ka. Kafaɗar nan ta mutu." Ya tsaya a ƙofar gidansa yana laluben makulli. "Gobe ka dawo ta damana. Wannan ta huta."